Ɗan shekara 14 a ramin yaƙin Galipoli: uwar da ta sa hannu ce mai laifi?

Bakatsine_77:
Assalamu alaikum jama'a. Tun daren jiya wani labari ya tsaya mini a rai, na ce bari in kawo shi nan. Wani yaro ne ɗan ƙasar Ostireliya, sunansa James Martin, a gida ana ce masa Jim. An haife shi ranar 3 ga Janairun 1901. A watan Afrilun 1915, yaƙin duniya na ɗaya bai cika shekara da farawa ba, ya je wurin ɗaukar soja ya ce shekararsa 18, aka ɗauke shi. Ranar 25 ga Oktoba na wannan shekarar ya rasu a gaɓar Galipoli, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Ku lissafa da kanku: shekara 14 da wata 9. Shi ake ɗauka mafi ƙanƙanta cikin sojojin ƙasar da suka mutu a wannan yaƙi.

Abin da ya fi cina a rai shi ne, duk wanda bai kai 21 ba sai ya kawo takardar yardar iyaye. Kuma ya kawo. Shi kaɗai ne namiji a gidan, sauran biyar ɗin duk mata. An ce tsare uwar ya yi, ya ce in ba ta yarda ba zai gudu ya shiga da wani suna, kuma ko wasiƙa ba zai aiko ba. Sai ta sa hannu.

Ni dai a ganina uwar nan ta yi ganganci. Ita ta san ranar da ta haife shi. Ko ni ne ban fahimci abin ba?

Gwanki_Sha_Bara:
Babu abin da ba ka fahimta ba. Yaro ya yi maka barazana sai ka miƙa wuya? Gobe in ya ce zai faɗa rijiya sai ka ɗauko masa tsani? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Aikin iyaye ke nan.

Uwar_Biyu:
Wa alaikumus salam. Malam Bakatsine, da kai da Gwanki duk maza ne, shi ya sa maganar ta zo muku da sauƙi. Ku sake karanta abin da yaron ya faɗa mata. Bai ce "ki bar ni in tafi ko in zauna" ba. Tafiya dai babu fashi. Zaɓin da ya ba ta shi ne: ko ya tafi tana sane da inda yake, ko ya tafi ya ɓace da sunan da ba ta sani ba. Wace uwa ce za ta zaɓi na biyun?

Ina da ɗan shekara 15 a gida yanzu haka. Ya fi ni tsawo, takalminsa ya fi na babansa girma. In ya kafe a kan abu, wallahi ƙarfi ba ya fitar da shi. Ba ɗaure shi zan yi a turke ba. Ita wannan baiwar Allah ba yaƙi ta sa wa hannu ba, wasiƙa ta saya da sa hannunta.

Gwanki_Sha_Bara:
Hajiya, da ta je barikin ta faɗa musu gaskiyar shekarunsa fa? Ai sai su koro shi.

Uwar_Biyu:
Su koro shi ya koma wani gari ya canja suna. Abin da ya ce zai yi ke nan ai.

Malamin_Tarihi:
Ku ba ni dama in ɗan faɗaɗa, don kada mu auna mutanen 1915 da mudun yau.

Na farko, tun 1911 Ostireliya ta kafa dokar horar da yara maza aikin soja tun daga shekara 12. Jim ya yi wannan horon a makarantarsu da ke unguwar Hawthorn a Melbourne. Wato kaki da fareti ba baƙin abubuwa ba ne a wurinsa, gwamnati ce ta fara sa masa su da hannunta.

Na biyu, babansa Charles ya je shiga sojan aka ƙi ɗaukarsa saboda shekaru sun ja. Ka ga yaro namiji tilo ya ga an mayar da ubansa gida, sai ya ga ai shi ne zai tsaya wa gidan.

Na uku, kuɗi. Ƙaramin sojan Ostireliya sule shida ake biyansa a rana, alhali na Ingila sule ɗaya yake samu. Jim ya riga ya bar makaranta yana ƙwadago a gona. Kuma a lokacin da ya shiga, babu wanda ya san me ke jiran su. Saukar farko a Galipoli ranar 25 ga Afrilu aka yi ta, bayan ya riga ya rubuta sunansa. Jerin sunayen matattu bai fara cika jaridu ba tukuna. Samari da yawa kallon abin suke kamar damar zuwa ganin duniya a kyauta.

Ƙasar a lokacin ba ta kai mutum miliyan 5 ba, amma sama da 416,000 suka shiga soja, kimanin 60,000 ba su dawo ba. Kuma duk da kansu suka kai kansu. Sau biyu Firayim Minista Billy Hughes ya nemi a tilasta, a 1916 da 1917, sau biyu jama'a suka ƙi a ƙuri'ar raba gardama.

Bakatsine_77:
Na gode Malam. Maganar uban nan ban san ta ba. To amma ai shi ma ya yarda ke nan. Don me ni kaina na tafi kai tsaye kan uwar? Na ga laifina a nan.

Ɗan_Kurmi:
Ikon Allah. Su can ƙara shekaru suke don a ɗauke su, mu nan ragewa muke yi. Akwai wani a layinmu, tun ina firamare yake buga ƙwallon 'yan ƙasa da 17, yanzu 'yarsa ta kusa aure.

Gimbiyar_Zazzau:
Kai Ɗan Kurmi, ana maganar mutuwa kana kawo raha. Allah ya shirye ka.

Tsohon_Saje:
Ku bar matar nan ta huta a kabarinta. Ni shekara 27 na yi cikin kaki kafin na ajiye. Zan faɗa muku abu ɗaya: babu mai ɗaukar kurtu da zai tuɓe yaro ɗan 14, ya auna ƙirjinsa, ya duba haƙoransa, ya ji muryarsa, sannan ya ce bai gane ba. Ƙarya ne. Ana ganewa. In an bar shi ya wuce, to an so a bar shi ne, saboda daga sama an ce a cika adadi. Daga likitan da ya duba shi, zuwa sajen da ya horar da shi, zuwa hafsan da ya kai shi rami, mutum nawa ne suka kalle shi suka kawar da kai? Uwa ɗaya ce, tana kuka. Su kuwa suna da yawa, kuma idonsu a bushe.

Gwanki_Sha_Bara:
Baba Saje, na ji wannan. Amma an ce yaron yana da girman jiki.

Tsohon_Saje:
Ɗana, jiki daban, ido daban. Ka kalli idon yaro sau ɗaya ka gama sanin shekarunsa.

Nas_Mai_Dare:
Ni abin da na lura, duk kuna magana kamar harsashi ne ya kashe shi. Ba harsashi ba ne, zazzaɓin taifot ne. Irin wanda muke gani kullum a asibiti.

Ga yadda abin yake. Ƙwayar cutar ta bayan gida take fita, ta shiga ruwa ko abinci, ko ƙuda ya ɗauko ta ya sauke a kan abin da za ka ci. To ku dubi Galipoli: dubban mutane a cunkushe a kan tsaunuka, masai a buɗe, gawawwaki a tsakanin ramukan ɓangarorin biyu ba halin binnewa, ga zafi. Waɗanda suka tsira sun ba da labarin ƙudaje, wai kana buɗe gwangwanin jam kafin ka kai baki ya yi baƙi ƙirin da su. Ruwan sha da jirgi ake kawo mafi yawansa, a auna wa mutum ɗan kaɗan, da shi zai sha, da shi zai dafa shayi. Wanke hannu kuwa sai dai labari. Abinci naman gwangwani mai gishiri da busasshen biskit mai karya haƙori. Atuni da gudawa sun kwantar da mutane ba adadi.

Kuma lokacin babu maganin kashe ƙwayoyin cuta irin na yanzu. Abin da yau za mu ba yaro na kwana goma ya miƙe, a 1915 babu shi a duniya. Taifot in ya yi sati biyu zuwa uku ba a kula ba, mutum ya rame ya bushe, hanji na iya hujewa, zuciya ta gaza. Shi Jim an kai shi jirgin asibiti mai suna Glenart Castle da misalin ƙarfe 5 na yamma, kafin ƙarfe 7 ya cika. Ko awa biyu bai yi a kan gadon ba. Duk ma'aikacin lafiya ya san ma'anar wannan: an kawo shi a makare ƙwarai.

Uwar_Biyu:
Innalillahi. To me ya hana a kai shi da wuri?

Nas_Mai_Dare:
Anti, abin da aka ruwaito shi ne ya daɗe yana jin jiki amma ya ƙi barin wurin aikinsa. Wani abokinsa, shi ma yaro ne ɗan 16, ya rubuto wa gidansu cewa ya tsaya a bakin aikinsa har ƙarshe. Ni kuma a tunanina, yaron da ya yi ƙaryar shekaru ba zai so zuwa gaban likita ba. Kuma ba zai so manya su ce ga shi nan, dama mun faɗa, yaro ne. Na sha ganin irin wannan a samari, ciwo na cin su suna cewa lafiya lau.

Malamin_Tarihi:
In ƙara a kan bayanin Nas. Kafin ma ya taka Galipoli ya sha wuya. Sun bar Melbourne ƙarshen watan Yuni, aka sauke su a Masar suka ƙara horo, aka sa shi a bataliya ta 21. Ranar 2 ga Satumba suna cikin jirgin ruwa mai suna Southland, kusa da tsibirin Lemnos, jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya harbe su. Jirgin bai nutse ba, amma mutane sun mutu, shi kuma Jim ya yi kusan awa huɗu a cikin ruwa kafin a tsamo shi. Bayan 'yan kwanaki aka sauke su a bakin daga. Duka-duka zamansa a can bai wuce sati bakwai ba.

Wani abin kuma: manyan gumurzun watan Agusta, irin na Lone Pine, an gama su kafin ya iso. Lokacin da ya zo zaman rami kawai ake yi, ana gadi ana haƙa. Wata biyu bayan rasuwarsa, a Disamba, aka kwashe sojojin Ostireliya gaba ɗaya cikin dare aka bar wurin. Ba a ci ko ɗaya daga cikin abin da aka zo nema ba.

Abu_Mujahid_Gombe:
Ku yi haƙuri zan ɗan saɓa muku. Tun ɗazu ana ta juyayin yaro ɗaya. Me ya kawo shi Turkiyya? Daga Ostireliya zuwa can tafiyar makonni ce a teku. Turkawa sun taɓa kai musu hari? Shi ne ya zo ƙasar mutane da bindiga. Sojojin Daular Usmaniyya kusan 87,000 suka mutu suna kare ƙasarsu a wannan wurin, 'yan Ostireliya kuwa wajen 8,700. Cikin Turkawan nan akwai yara 'yan makaranta. Wa ya san sunan ko ɗaya a cikinmu? Amma da yake wannan Bature ne, har lambar sojansa an adana.

Gimbiyar_Zazzau:
Malam Abu, maganarka akwai gaskiya a ciki, amma yaro yaro ne ko ɗan waye. Ba shi ya zana taswirar yaƙin ba. Ina jin ko inda Turkiyya take bai sani ba ranar da ya rubuta sunansa.

Abu_Mujahid_Gombe:
Ban ce a yi murna da mutuwarsa ba, 'yar'uwa. Cewa na yi a riƙa tunawa da ɗaya ɓangaren.

Malamin_Tarihi:
Malam Abu bai yi kuskure a lissafi ba. Wanda ya fi kowa tura shirin shi ne Winston Churchill, lokacin yana riƙe da ma'aikatar sojan ruwan Birtaniya. Niyyar ita ce a fasa mashigin Dardanel, a kama Istanbul, a buɗe wa Rasha hanya. Ostireliya ta shiga ne don tana ƙarƙashin sarautar Ingila, ba don tana da rigima da Turkawa ba. Sai dai gyara ɗaya: Turkawa ba su manta da nasu ba. Çanakkale suke kiran yaƙin, kuma babban abin alfahari ne a wurinsu. A nan ne Mustafa Kemal ya yi suna, wanda daga baya ya zama Atatürk, shugaban farko na Jamhuriyar Turkiyya. Mu ne dai labarin ya iso mana ta bakin Turawan Ingila.

Ɗan_Damagaram:
Salamu alaikum daga Nijar. Ku ƙara da wannan: ba Turawa kaɗai aka kai Galipoli ba. Faransa ta kai baƙaƙen sojojinta na Afirka ta Yamma, waɗanda ake kira tirayer na Senegal, duk da ba 'yan Senegal kaɗai ba ne. Da yawansu Musulmi ne, aka sa su gaba da Musulmi 'yan'uwansu. Shi Jim ko ba komai da ƙafarsa ya je. Namu kuwa sau da yawa cewa ake wa sarki ya kawo mutum kaza daga ƙasarsa. Ba a tambayar uwa, balle ta sa hannu.

Baban_Sadiq:
Haka yake. A wannan shekarar ta 1915 ma sojojin Najeriya suna Kamaru suna faɗa da Jamus, a watan Yuni Garwa ta faɗi. Ni kakana na yaƙin duniya na biyu ne, Bama aka kai su. Da bakinsa ya faɗa mini bai san shekarunsa ba lokacin da aka ɗauke shi. Bature ya dube shi, ya ɗaga masa hannu ya leƙa hammata, ya rubuta abin da ya ga dama. Ya ce da ya dawo bayan shekara uku, rigar da ya bari a gida ko kafaɗarsa ba ta shiga ba. Kun ga ashe yana can yana girma.

Ɗan_Kurmi:
To wannan awon hammata ya fi takardar rantsuwa ta kotu gaskiya.

Bahaushe_a_Melbourne:
Ina karatu a nan shekara huɗu ke nan, bari in faɗi abin da na gani da idona. Ranar 25 ga Afrilu hutu ne a duk ƙasar, ranar Anzac, wato ranar tunawa da saukar sojojinsu a Galipoli. Tun kafin asuba mutane suke fitowa, ga sanyi, su taru a dandalin tunawa da sojoji. Wani abokin karatuna ya ja ni na je sau ɗaya. Dubban mutane a tsaye cikin duhu, ba ka jin ko tari, sai wani ya busa begila. Na ga wata yarinya da ba ta wuce shekara takwas ba, an maƙala mata lambobin yabon wani kakanta a gefen dama na rigar sanyi, nauyinsu har ya ja rigar ta karkace.

A Canberra kuma akwai babban gidan tarihin yaƙi. Sunayen sojojinsu da suka mutu, sama da 100,000, an zana su a jikin bangon tagulla, ba muƙami ba komai, suna kawai. Mutane suna cusa jan fure na takarda a gefen sunan nasu. Sunan Jim yana can. Kabari kam ba shi da shi, a teku aka saka gawarsa, shi ya sa aka rubuta sunansa a dutsen tunawa na Lone Pine a Galipoli tare da sauran waɗanda ba a san makwancinsu ba.

Amma kada ku ɗauka duk 'yan ƙasar bakinsu ɗaya. Akwai masu cewa an mayar da asara abin biki. Wani malaminmu ya ce labarin Jim ba na jarumta ba ne, na abin kunya ne.

Gimbiyar_Zazzau:
Na taɓa karanta wasu kalamai da aka ce Atatürk ya faɗa wa iyaye matan waɗannan sojoji, cewa su share hawayensu, 'ya'yansu da suka kwanta a ƙasar Turkiyya sun zama 'ya'yan Turkiyya. Abin ya taɓa ni.

Malamin_Tarihi:
An sassaƙa su a dutse a Galipoli da Ostireliya, ana danganta su da shekarar 1934. Sai dai masana tarihi sun yi ta gardama a kan ko shi ya faɗe su da bakinsa a yadda suke. A riƙe su a matsayin abin da aka jingina masa.

Lauya_Mai_Hula:
Ta fuskar doka, da yau ne da magana ta sha bamban. Yarjejeniyar Rum da ta kafa kotun manyan laifuka ta duniya ta sa ɗaukar yaron da bai kai 15 ba aikin soja cikin laifukan yaƙi, kuma yardar iyaye ko ta yaron ba ta wanke wanda ya ɗauka. A shekarar 2000 kuma aka yi ƙarin yarjejeniya cewa kada a kai wanda bai kai 18 ba bakin daga. Kun ga doka ta bi bayan Baba Saje: mai ɗauka take tuhuma, ba mai haihuwa ba. Ko da yake har gobe Ostireliya tana ɗaukar ɗan 17 in iyaye sun yarda, Birtaniya ma ɗan 16.

Gwanki_Sha_Bara:
Barista, doka daban, tarbiyya daban. Ni har yanzu ina nan a kan bakana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da zai iya kallon idon uwarsa ya ce zai yanke zumunci da ita, an yi sake tun baya.

Uwar_Biyu:
Gwanki, Allah ya ba ka 'ya'ya, ya raya maka su su kai 14. Sai mu sake zama.

Gwanki_Sha_Bara:
Amin Hajiya. Na karɓi addu'ar, na bar miki gorin.

Bakatsine_77:
Na koma na ƙara bincike saboda maganar Hajiya Uwar Biyu ta wasiƙa. Jama'a, yaron ya cika alkawari. Ya yi ta rubuto musu, daga Masar, daga cikin rami, yana cewa kada su damu da shi, yana nan lafiya ƙalau. Amma a wasiƙarsa ta watan Oktoba yana kuka da cewa shi bai samu ko ɗaya daga gida ba. Ya ce abin yana karya masa zuciya, ya ga kowa ana miƙa masa tasa, shi babu. Alhali suna rubutawa, wasiƙun ne ba su isa hannunsa ba.

Babbar nas ɗin jirgin ita ta rubuta wa uwar, Amelia, washegari. Ta ce sun kwantar da shi, ya ce ya ji daɗin jikinsa, ya yi mata godiya, ya gyara kwanciya zai yi barci, shi ke nan. Cikin 'yan kayan da aka tarar tare da shi akwai wani zaren takarda ja da fari. Irin wanda ake jefawa daga jirgi ranar tashi, na cikin jirgi ya riƙe baki ɗaya, na ƙasa ya riƙe ɗayan, har jirgi ya ja ya tsinke. Ya ajiye guntun nasa tun daga Melbourne. Wata huɗu yana tare da shi.

Nas_Mai_Dare:
Wannan godiyar da ya yi wa nas ɗin ita ta karya ni. Marasa lafiyar da suka fi jin jiki su suka fi yawan cewa sannu da aiki.

Uwar_Biyu:
Ya Allah. Ashe ita ta samu abin da ta saya, shi ne bai samu komai ba. Ya mutu yana zaton sun yi fushi da shi ne ko sun manta da shi. Na kasa ci gaba da karantawa.

Abu_Mujahid_Gombe:
Wannan kam ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Amma ina nan a kan cewa a ramin da ke fuskantar nasa akwai wani yaron da ko karatun wasiƙa bai iya ba.

Malamin_Tarihi:
Ba Jim kaɗai ba ne yaro a nasu ɓangaren ma. Mutum na ƙarshe da ya rage cikin 'yan Ostireliyan da suka je Galipoli, Alec Campbell, yana ɗan 16 ya shiga, shi ma da ƙaryar shekaru. Ruwa yake ɗauka yana kai wa na cikin rami. Ciwo ya kama shi aka kwashe shi, ya rayu har 2002, ya rasu yana da shekara 103. Shi kuma jirgin asibitin da Jim ya cika a ciki, Jamusawa sun nutsar da shi a watan Fabrairun 1918 a kusa da gaɓar Ingila.

Tsohon_Saje:
Maganar wasiƙa ta tuna mini Laberiya. Ina cikin waɗanda aka kai aikin ECOMOG farkon shekarun 1990. A can na ga yara da bindiga, wasu bindigar ta kusa kai tsawonsu, an ɗura musu ƙwaya an sa su a shingen hanya. Wannan labari ne na wata rana, ba na son buɗe shi da daren nan.

Abin da zan faɗa shi ne, lokacin babu waya a hannun kowa. Sai in wani ya dawo daga gida ya zo da jakar wasiƙu. A tsaya a kira suna ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani ƙaramin soja a sashena, ba zan faɗi sunansa ba, wata biyar ba a kira shi ba. Kullum shi ne farkon zuwa wurin, ya tsaya a gaba. In an gama sai ya bi wanda ya samu, ya ce, "Oga, karanta da ƙarfi mana in ji." Labarin akuyar wani ta haihu, ko rufin ɗakin wani ya yaye, haka zai zauna ya saurara har ƙarshe. Harbi bai taɓa sa shi kuka a gabana ba. Ranar da jaka ta zo ta ƙare ba sunansa, a bayan mota na same shi.

Shi ya dawo gida da ransa, alhamdu lillahi. Ashe adireshin da ya ba gidansu ne da kuskure a lamba ɗaya.

Bakatsine_77:
Allah ya saka da alheri Baba. Na janye kalmar ganganci da na faɗa a kan uwar. Amma uban fa? Shi ya san yadda wurin ɗaukar yake tunda ya je da kansa.

Gwanki_Sha_Bara:
Yauwa. Ka dawo hanya. Dama ni iyaye na ce, ban ware uwa ba.

Gimbiyar_Zazzau:
Ka koma sama ka karanta abin da ka rubuta, Gwanki.

Tsohon_Saje:
Ku dai ku yi ta yi. Ni likitan da ya ɗora masa abin awo a ƙirji ya rubuta 18 nake nema.